Alkawarin kashi na farko

A fadarmu ta unguwar Birni a Damagaram, inda muke haɗuwa shan shayi bayan sallar isha'i, an daɗe ana gardama a kan fina-finan Hausa, sai dai gardamar ba ta wuce "ya yi daɗi" da "bai yi ba". Shekara uku da suka wuce na sayi littafin rubutu, na ɗora wa kaina aiki: duk shiri mai dogon zango da na fara kallo, da zarar kashi na farko ya ƙare, sai in rubuta alkawarin da ya ɗaukar mini, wato tambayar da ya dasa a raina da mutumin da ya sa na damu da makomarsa. Idan zango ya ƙare sai in koma shafin in duba ko an cika.

Da farko awona karkatacce ne, domin nakan yi wa kowane shiri uzuri da rashin kuɗi da ƙarancin kayan aiki. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya gyara mini tunani. "Ɗana," in ji shi, "da wace kyamara su Yazi Dogo suka riƙe mutane?" Na ce, "Baba, gaskiyarku." Ƴan wasan kwaikwayon gidan rediyon Damagaram ba su da abin da masu shirya fim na yau suke da shi, amma sun san inda labarinsu ya dosa tun kafin su buɗe baki.

Abin da littafina ya fi nuna mini shi ne, a tsakiya shiri yake karyewa. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya zama kasuwa, yawan kashi ya koma hanyar samun kuɗin talla, don haka labarin da kashi goma zai ishe shi sai a yi ta jan sa har ya tsinke. Gaisuwa ta yi tsawo, a maimaita abin da muka riga muka gani, a cusa waƙa inda ba wurinta ba. Akwai wani shiri da ya fara da macen da mijinta ya rasu tana neman gadon marayunta a hannun dangin miji. Ina jiran in ga alƙali da shaidu, sai aka mai da ita mai rigimar kishi da wata amarya. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a unguwarmu ma akwai irin matar nan, kuma ta cancanci a kai labarinta ƙarshe.

Na ga kishiyar haka a fim ɗin da Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta fitar a 2021 a kan matasan unguwar Kara-Kara. Ta yi alkawarin nuna mutanen da ake tsoro daga nesa, ta kuma bar su suka yi magana da bakinsu, ba ta wanke su ba, ba ta kuma tsine musu ba.

Ni ma na taɓa yin gaggawa. Na yanke wa wani shiri hukunci a kashi na huɗu cewa ya ɓata hanya, ashe marubucin shuka yake yi, sai a kashi na goma na ga amfanin kowace magana da na ɗauka ta banza ce. Na soke abin da na rubuta, washegari da dare na faɗa wa ƴan fada cewa na yi kuskure. Tun daga ranar nan, da fensir nake cika shafin, sai zango ya ƙare nake ɗaukar biro.