Saƙon godiya daga Argungu bayan jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Baba ya kammala maganinsa na wata 6, likita ya sallame shi. Amai ya tsaya, yana cin tuwonsa, jiki ya fara cikowa. A madadin Inna da ƙannensa da mu 'ya'yansa, muna gode wa dangi da maƙwabta da jama'ar masallacin unguwa da suka tsaya mana da addu'a da aljihunsu.

Masu zuwa dubiya da yawa sun tambayi abin da ya same shi, tunda kowa da ulsa ya san shi. Tarin fuka ne, wato tibi, ya kama masa tumbi, ga shi ba ya tari, hoton ƙirji kuma bai nuna komai ba. Ba kasafai ƙwayar tibi ke zama a tumbi ba, domin ruwan tsamin da ke wurin ba ya barinta. In ta samu shiga, ta fi kama ƙasan tumbi, kusa da ƙofar da abinci ke bi ya wuce hanji. Wurin ya yi gyambo, ya kumbura, ƙofar ta tsuke, sai mutum ya riƙa aman abincin da ya ci jiya.

Godiya ta farko ga likitan da ya ƙi ƙara rubuta maganin ulsa. An riga an ba Baba na H. pylori, ƙwayar da ta fi haddasa gyambon ciki, kwana 14 cur. Likitan ya sa aka jira sati 4 bayan gama maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ajiye omefrazol, maganin rage tsamin ciki, sati 2, sannan aka yi gwajin bayan gida. Jiran nan dole ne, domin magungunan suna danne ƙwayar, gwaji ya ce babu alhali tana nan. Gwajin jini da ake yawan yi kuwa ba ya bambance ciwon da ya wuce da wanda ke jiki. Sakamako ya fito ba H. pylori, amma rama da zufar dare da ƙarancin jini suna nan, sai ya tura mu Sakkwato a leƙa cikin da bututu mai kyamara.

Ma'aikatan ɗakin endoskofi, wato aikin leƙa cikin, Allah Ya saka muku. A ƙa'ida awa 6 zuwa 8 ake yi ba ci kafin aikin, amma mai toshewar tumbi sai an zura masa roba ta hanci an wanke ragowar abinci, in ba haka ba kyamara ba za ta ga komai ba. A ido, gyambon tibi da na ciwon daji kamarsu ɗaya, sai an gutsuro nama an duba. A nan ne aka fi yin kuskure. Cutar tana kwance ne a ƙarƙashin fatar tumbi, wanda ya yaguto sama-sama zai samu sakamakon “kumburi” kawai. Sun ɗebo gutsure da yawa, masu zurfi, daga bakin gyambon, suka raba biyu. Kashi ɗaya cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, don duba nama a madubin likita, ɗayan cikin ruwan gishirin asibiti don na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi. Fomalin yana kashe ƙwayar, da an zuba duka a ciki da ba za a iya rainonta a ɗakin gwaji ba. Na'urar ta ga tibi, ta kuma nuna maganin tibi rifamfisin zai yi aiki a kanta.

Sai ma'aikatan sashen tibi, inda ake ba da magani kyauta. Wata 2 na farko magani huɗu ne a ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamaid da etambutol. Wata 4 na baya, biyun farko kawai. Da nauyin mutum ake lissafi, mai kilo 38 zuwa 54 ƙwaya 3 yake sha kullum da safe kafin karin kumallo, shi ya sa suke ɗora shi a sikeli duk zuwa. Sun haɗa masa da bitamin B6 saboda isoniyazid na sa ƙafa ta yi dindiris. Fitsari ya koma ja-ja, wannan aikin rifamfisin ne, ba abin tsoro ba. Abin da ake komawa asibiti a guje dominsa shi ne ido ya yi rawaya irin na shawara, ko gani ya dushe, ko amai ya ƙi tsayawa. Sauƙi kan zo tun a watan farko, kuma a lokacin ne wasu ke watsar da maganin, cutar ta dawo ba ta jin magani.

Samarin da suka ba da jini, da Gwaggo da ta kwana asibiti, da Kawu da ya ba da motarsa, bakinmu ya yi kaɗan. Masu kawo jiƙo da sassaƙe, mun san ƙauna ce, ku yi haƙuri da muka mayar. Hanta tana ɗauke da nauyin maganin tibi, ba a ƙara mata wani.

Tunda huhun Baba lafiya lau ne, ba a ɗaukar cutar a numfashinsa, kowa na iya zuwa gaisuwa bayan la'asar. Mai kawo masa fura kuma, don Allah nonon ya zama na madarar da aka tafasa kafin ta kwana, domin tibin shanu ta ɗanyar madara yake shiga cikin mutum. Allah Ya bar zumunci, Ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.