Shekara Shida a Motar Direba Mai Waƙa

Shekara shida na yi ina yaron mota a layin Gusau zuwa Sakkwato kafin a miƙa mini makulli a ce in ja da kaina. Duk shekarun nan a hannun mutum ɗaya na yi su, wani dattijon direba da ba a ambatonsa a tasha sai an haɗa da waƙa. In fasinja ya zo ya ce motar mai waƙa yake nema, 'yan kamasho sun san inda za su nuna masa. Na sha ganin tsohuwa ta ƙi shiga motar da ke kan layi, ta shimfiɗa mayafinta a gindin darbejiya ta zauna jira har lodi ya zagayo kanmu. Ni Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana, har yau kuma haka muke.

Mutumin ƙasar Maradun ne, ya tashi da kiɗan fada a kunnensa, a yankin da su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi zamaninsu. Ba ya buɗe baki a cikin gari. Sai mun bar Bunguɗu a baya, mota ta zauna a giya ta biyar, sannan ya fara a hankali, yana taɓa sitiyari da yatsa biyu kamar mai kaɗa kotso. Waƙoƙin manya yakan ɗan taɓa su, amma yawanci nasa yake shiryawa nan take. Kowane gari da baitinsa: Maru, Mayanchi, Talatar Mafara, Lambar Bakura, Tureta. Mai shayin da muke tsayawa wurinsa yana da nasa, mai facin da ya taɓa fid da mu kunya da dare yana da nasa. In ya lura akwai amarya a mota, ko ɗalibi mai komawa makaranta, ko mara lafiya da za a kai asibiti a Sakkwato, sai ya saƙa su a ciki ba tare da ya kama suna ba. Mutum goma sha takwas da ba su san juna ba, kafin a kai Mafara sun fara miƙa wa juna gyaɗa.

Na daɗe ina ɗauka nishaɗi ne kawai. Wata rana muna cin tuwo a tashar Sakkwato na tambaye shi ko maƙogwaronsa ba ya gajiya. Ya ce barci ɓarawo ne, kuma direba ba ya ganin shigowarsa. Abokan aikinsa da yawa da ƙwaya suke korarsa, ya ga inda ƙwayar ta kai su. Shi kuma ya gane tun yana saurayi cewa muddin bakinsa yana neman baiti na gaba, idonsa ba ya rufewa. Daga ranar na fara saurarensa da wani kunnen. Na lura waƙar tana da wani amfani da bai faɗa mini ba: in ta yanke a tsakiyar baiti, to akwai abin da ya ji ko ya gani. Ko inji ya canza murya, ko taya ta fara ja gefe, ko wani abu a hanya bai yi masa ba. Shirunsa ya zama ƙararrawata.

Aikin da ya fi wahalar da ni a kansa shi ne na asuba. Daga masallaci sai gindin mota. A duba ruwan lagireto, a zaro sandar baƙin mai a goge a sake tsomawa, a leƙa man birki, a bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya har da safaya, a ɗora sifana a kan kowane noti. Kullum, ko da jiya da dare ya fito da ita daga gareji. Sauran yaran mota suna shan shayi, ni ina kwance a ƙasa ina haska ƙarƙashin mota da tocila. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi wa irinmu waƙar Karen Mota, duk wanda ya san ta ya san kamanninmu a lokacin. Na ji haushin wannan aiki ba kaɗan ba.

Akwai ranar da muka cika lodi tsaf, an ɗaure kaya, an karɓi kuɗi, an sallami 'yan kamasho. Ya tayar da mota, ya taka birki sau biyu kafin ya sa giya, sai ya kashe ta. Ya ce kowa ya sauka, birkin ya yi masa laushi. Fasinja suka yi ca a kansa. Layinmu ya wuce, mai mota ya kira yana faɗa a kan balas ɗin ranar. Da bakanike ya shiga ƙarƙashi, sai ga bututun man birki ya tsage ta baya yana tsiyaya kaɗan-kaɗan, tsagin bai kai tsawon farce ba. Da safe ban gan shi ba, don ƙura ta rufe wurin. Maigida bai yi mini faɗa ba. Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan tsagin, ya riƙe shi nan har sai da man ya jiƙa mini yatsa.

Maganar jarumtarsa da ake yi a tasha kuwa, daga wata yamma ta samo asali, kuma ina cikin motar.

Da damina ne, gero ya yi tsawo har ya rufe bakin titi. Mun taso daga Sakkwato a makare, muka yi la'asar a Mafara, muka kama hanyar Gusau. Yana cikin waƙa sai ya yi shiru. Na dubi allon mota, ban ga fitilar da ta kama ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Ɗana, mi kag gani?” Na ce, “Ban ga komi ba, Maigida.” Ya ce, “To shi na abin. Tun ɗazu mota ko guda ba ta taho daga gaba ba.” Sai a lokacin na ankara. Hanyar da ba a minti biyu tirela ko Golf ba ta gifta ka ba, ta yi tsit. Gonaki ba kowa, alhali lokacin tashi daga noma ne. A wani ɗan ƙauye da yara kan tare mu da ƙwai da dafaffiyar masara, ga faranti a ajiye a bakin titi, babu mai shi.

Abin da ya yi bayan nan shi nake ta juyawa a raina har yau. Ya ci gaba da waƙar daga inda ya tsaya, da murya ɗaya da ta ɗazu, yana rage gudu kaɗan-kaɗan har ya sami wuri mai faɗi. Ya juya motar a karo ɗaya, ba tare da ya koma da baya ba, sannan ya taka. Sai da muka fuskanci Mafara fasinja suka gane an juya. Wani mai babbar riga a gidan gaba ya hau shi da faɗa, yana cewa yana da taro gobe da safe, tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Maigida ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, kuɗinka na nan in kana so. Amma wagga mota ba ta wuce nan yau.” Duk motar da muka haɗu da ita ya kunna mata fitila ya juya hannu ta taga. Wasu suka bi mu. Wata ƙaramar mota ta wuce mu da gudu, direbanta ko kallonmu bai yi ba.

A Mafara muka kwana, wasu a masallaci, mata a gidan wani ɗan ƙungiyar direbobi. Kafin isha'i labari ya iso cewa ɓarayin daji sun tare hanya a gaba, sun shiga da mutane jeji. Da safe muka wuce wurin, muka ga ƙaramar motar nan a gefen titi, ƙofofi huɗu a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya a kan kwalta. Alhajin nan bai ce uffan ba har Gusau. Da ya sauka ya zagayo ta tagar direba ya riƙe hannun Maigida da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Daga baya na tambaye shi dalilin da ya sa bai daina waƙar ba. Ya ce da ya yi shiru ya juya a firgice, mata za su fasa ihu, wani zai buɗe ƙofa ya yi tsalle, wani zai kamo masa hannu. Mota mai mutum goma sha takwas in tsoro ya shige ta, ba sai ɗan bindiga ya zo ba.

Yanzu da nake da waya ina karance-karance, na ci karo da labarin direbobin wasu ƙasashe da duniya ta yaba wa, kuma nakan auna su da shi. A ranar 3 ga Maris 2009 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan kurket na ƙasar Siri Lanka wuta a birnin Lahore na Pakistan. Direbanta, Mehar Muhammad Khalil, bai tsaya ba, ya ratsa cikin harsasai har ya shigar da ita filin wasa na Gaddafi. An kashe 'yan sanda shida a harin, wasu 'yan wasa sun ji rauni, amma babu wanda ya mutu a cikinsu. A ƙasar Sin kuma, a ƙarshen watan Mayu na 2012, wani guntun ƙarfe ya faso gilashin gaba ya bugi direba Wu Bin a ciki yana kan babbar hanya zuwa Hangzhou da fasinja 24. Hantarsa ta fashe, amma sai da ya rage gudu, ya tsayar da motar, ya ja birkin hannu, ya kunna fitilun gargaɗi, ya miƙe ya yi wa fasinja bayani. Ya rasu ranar 1 ga Yuni. Ɗaya takawa ya yi, ɗaya tsayawa, Maigida kuma juyawa. Abin da na gani ya haɗa su shi ne babu wanda ya saki sitiyari ya nemi kansa, kuma hannun kowannensu ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Mutumin da hantarsa ta fashe ba tunani ne zai tuna masa da birkin hannu ba, sabo ne. Har direba mawaƙi na samu: Matt Monro na Ingila bas yake tuƙawa a Landan kafin muryarsa ta fid da shi. Maigida bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba, kuma ban taɓa jin ya yi sha'awar hakan ba.

Akwai wani gefen waƙa da ya kamata in faɗa, don na ga ɓarnarsa da idona. Direbobi mutane ne masu son yabo, makaɗa kuma sun daɗe da sanin haka. Mamman Shata kansa ya yi wa direbobi waƙa, ta Bawa Direba har gobe ana sa ta a mota. Yabo ba laifi ba ne. Amma a tasha akwai zugar da ake yi wa mai gudu, a ce wane iska ne, wane ya je Sakkwato ya dawo kafin wasu su cika lodi. Akwai wani saurayi da muka tashi tare a yaran mota, ya riga ni samun sitiyari, hannunsa yana da kyau ƙwarai. Aka yi ta yi masa kirari har ya zama ba ya iya bin bayan kowace mota, sai ya wuce ta. A wata kwana ya fito wuce tirela ya haɗu da wata. Mu muka ɗauko su. Waɗanda suka zuga shi sun zo jana'iza, washegari kuma suna zuga wani. Maigida bai taɓa sa gudu a baitinsa ba. Wanda yake yabo a waƙa shi ne direban da ya tsufa yana tuƙi, jikokinsa suna tarbarsa a ƙofar gida.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Lokacin na riga na fara jan tawa motar. Kafin nan mun saba kiran wanda ya riga mu tashi mu ji lafiyar hanya, sai ga shi babu wannan. Direbobi matasa da yawa suka rikice. Ni kuwa na tarar duk abin da nake buƙata an riga an zuba mini: ƙirga motocin da ke tahowa, kallon gonaki, kallon masu talla, karanta fitila da hannun direban da ke gifta ka, tsayawa a shingen jami'an tsaro a yi tambaya ba tare da jin kunya ba. Sau uku na juya a watannin nan. Sau biyu babu abin da ya faru a gaba, na yi asarar mai da balas, na sha surutu. Ban yi nadama ba, kuma in an maimaita zan sake juyawa.

Maigida ya ajiye tuƙi da idonsa ya fara hazo. Da kansa ya kai makullin, ba wanda ya ce ya kai. Ba shi da fansho, kamar yawancin direbobin haya, sai ɗan abin da ƙungiya da yaransa suke kai masa, kuma wannan yana ci mini rai duk lokacin da na tuna yawan mutanen da ya kai gida lafiya. Yakan zo tasha da hantsi ya zauna a benci kusa da mai shayi. Ni ba ni da murya, goro nake ci in barci ya matso, in ya fi ƙarfina in faka in wanke fuska. Amma ina da yaro yanzu, kuma shi ma da asuba yana ƙarƙashin mota da tocila.

Makon jiya wata tsohuwa ta zo da jikarta za su Tureta. Ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta ce, “Kai ba yaron mai waƙa ba ne?” Na ce, “Ni ne, Inna.” Ta ce, “Yana nan da rai?” Na nuna mata shi a kan benci. Ta je suka gaisa, suka daɗe suna magana, sannan ta dawo ta miƙa wa yarona ƙullin kayanta, ta ce a ba ta kujerar bayan direba.