Fayil ɗin ayyukan ɗalibi da neman yara masu baiwa

A duk shekarar da hukumar NECO ta buɗe rajistar jarrabawar shiga makarantar yara masu baiwa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja, hedimastanmu yakan tara mu a ofis ya ce kowane malami ya kawo sunayen yaran da yake ganin za su iya. Abin da muke yi ba ya sauyawa: mu buɗe littafin sakamako, mu kwafi na ɗaya zuwa na uku, mu miƙa. Na yi haka shekaru da dama hankalina kwance, har sai da wani yaro ɗan aji biyar ya sa na fara zargin wannan hanya.

Yaron bai taɓa shiga cikin ashirin na farko ba a ajin da ya haura yara tamanin. Turancinsa yana da rauni, domin babu mai yin sa a gidansu, kuma a lissafi yakan samo amsa daidai ta wata hanya tasa, ni kuwa in rage masa maki saboda bai bi matakan da na rubuta a allo ba. Wata rana na karɓe wata motar kara da yake wasa da ita a aji, sai na ga sitiyarinta yana juya tayoyin gaba ta hanyar waya da roba. Da na duba bayan littafinsa, na tarar ya zana motar sau huɗu kafin ya ƙera ta, kowane zane yana gyara kuskuren wanda ya gabace shi. Babu gurbi ko ɗaya a takardar sakamako da zan iya rubuta wannan.

Daga wannan zangon na sayi manyan ambulan, kowane yaro da tasa. A ƙarshen kowane wata yaro yakan zaɓi aiki ɗaya da yake alfahari da shi, ni ma in zaɓi ɗaya, a rubuta kwanan wata a kai. Ina ajiye rubutun farko mai kura-kurai tare da wanda aka gyara, da insha'in Hausa tare da na Turanci, da hoton abin da yaro ya ƙera wanda na ɗauka da wayata, da ƴar takarda wadda nake rubuta duk wata tambaya da ya yi mini ta sa na tsaya na yi tunani. Kwanan watan shi ne ginshiƙin aikin, domin idan aka baje takardun zango biyu a kan tebur, abin da ke bayyana shi ne nisan da yaro ya ci daga inda ya tashi da kuma saurin da ya yi. Wata yarinya da ba ta cika buɗe baki a aji ba, labarinta na farko layi biyar ne. Bayan wata shida ta rubuta shafi uku, da mutane masu magana da juna, kowa da irin lafazinsa.

Masanin ilimi ɗan Amurka Joseph Renzulli ya bayyana a 1978 cewa baiwa takan fito ne inda abubuwa uku suka haɗu: basira da ta ɗara ta tsaka-tsaki, da ƙirƙira, da naci a kan aiki. Jarrabawar safiya ɗaya tana iya auna na farko, amma nacin yaron da ya sake zane sau huɗu ba ya fitowa a takardar zaɓi-ɗaya. Tun a 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya fara aikin da ya zaɓo yara masu baiwa kusan 1,500 a Kalifoniya da gwajin ƙwaƙwalwa, kuma cikin waɗanda gwajin ya bari a baya akwai William Shockley, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin fiziks a 1956.

Wannan hanya tana da nata haɗarin, kuma na ɗanɗana shi. Aikin da aka kawo daga gida sau da yawa hannun yaya ko uwa ne, saboda haka yanzu ba na saka komai a ambulan sai abin da aka yi a gabana. Kyan rubutun hannu yana ruɗar malami, haka ma sanin ɗan wane ne, shi ya sa nake rufe sunaye in roƙi wata abokiyar aikina ta duba takardun ita kaɗai kafin mu gwama ra'ayi. Ga kuma gara da ɗigar ruwan damina, waɗanda suka cinye mini ambulan fiye da goma a shekarar farko kafin na samo akwatin ƙarfe.

Ba na neman a soke jarrabawa, domin ita ce kariyar ɗan talaka daga son rai da alfarma. Abin da nake roƙo shi ne makarantu irin ta Suleja, da ta Bamaina a Jigawa, da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a Kano, su nemi a haɗo fayil ɗin yaro da makinsa, musamman ga wanda ya gaza da ƴan maki kaɗan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi auna ɗalibi a kai a kai, amma a azuzuwanmu abin ya koma cika gurabe da lambobi a makon ƙarshe na zango.

Mai motar kara bai zauna jarrabawar Suleja ba, domin ambulan ɗinsa ta cika ne bayan an rufe rajista. Da zai shiga ƙaramar sakandare, na ɗauki ambulan ɗin da hannuna na kai wa malamin kimiyyar makarantar, na zauna har ya gama duba zanen guda huɗu, sannan ya tambaye ni ajin da aka saka yaron.