Yadda polimares ke gyara kuskurensa wajen kwafar DNA

Kafin ƙwayar halittar ɗan Adam ta rabu biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta kaf, wato zare biyu masu ɗauke da bayanan gado a haruffa huɗu (A, T, G, C), haruffa kusan biliyan 6 idan aka haɗa na uwa da na uba. Enzayim ɗin (furotin mai gudanar da aiki a ƙwayar halitta) da ke wannan aiki shi ne DNA polimares, kuma ƙa'idarsa wajen gina sabon zare a kan tsohon ita ce ya haɗa A da T, G da C. Sai dai zaɓen harafi kaɗai yana barin kuskure kusan 1 cikin 100,000. Da a nan aka tsaya, da kowace rabuwa ta bar kurakurai dubun-dubata.

Sirrin gyaran yana cikin jinkiri. Idan harafin da ya dace ya shiga, bakin zaren yana zama daram, polimares ya wuce gaba. A jikin bakteriyar E. coli yakan saka haruffa kusan 1,000 a daƙiƙa. Idan kuwa T ya faɗa gaban G, bakin ya karkace, saka harafi na gaba ya yi wuya. A wannan ɗan tsaikon sai haruffa uku ko huɗu na ƙarshe su saki zaren asali, su lanƙwasa zuwa wani gurbi dabam na enzayim ɗin, gurbin yanka. Nan ake cire harafin da bai dace ba, bakin ya koma mazauninsa, aiki ya ci gaba, kamar tela ya farke ɗinki ɗaya ya sake shi. Brutlag da Kornberg ne suka nuna wannan a 1972. Da wannan gyara kuskure ke raguwa zuwa kusan 1 cikin miliyan 10.

Ba kowane polimares ne ke da wannan gurbi ba. A jikin mutum nau'ikan polimares delta da efsilon suna da shi, alfa mai fara zaren ba shi da shi.

Abin da ya kuɓuce kuma akwai wasu furotin masu bin sawu. A E. coli, MutS ne ke gano wurin da ya kumbura, MutL ya haɗa aikin, MutH ya tsaga sabon zaren. Ta yaya ake gane sabon? Tsohon yana ɗauke da alamar sinadari mai suna metil a jerin haruffan GATC, sabon bai samu ba tukuna. Bayan wannan mataki kuskure bai wuce 1 cikin biliyan 1 ba. Paul Modrich ya samu kyautar Nobel a 2015 kan wannan aiki.

Idan tsarin ya lalace, illar a bayyane take. Wanda ya gaji matsala a MSH2 ko MLH1, takwarorin MutS da MutL a jikin mutum, yana da ciwon Lynch, mai ƙara haɗarin kansar hanji da ta mahaifa. Idan gurbin yankan efsilon ne ya lalace, ƙarin kansar da ke fitowa yakan tara sauye-sauye masu yawan gaske.

A ɗakin gwaji ma a kula. Taq, polimares ɗin da aka saba amfani da shi a PCR, hanyar ninka kwafin DNA, ba shi da gurbin yanka. Mai son kwafin da zai yi aiki da jerin haruffansa ya ɗauki Pfu, polimares mai gurbin yanka, ko makamancinsa, ko da zai fi jinkiri.