Masu yi wa Abuja aiki ba sa kwana a cikinta

Yau ma tun asuba na fito daga Mararaba, amma sai da rana ta ɗaga muka wuce Nyanya. A cikin motarmu akwai direba, mai gadi, mai shara da malamar asibiti. Kowa Maitama ko Asokoro ya nufa, kuma babu wanda albashinsa zai kama masa ɗaki ɗaya a can.

Wallahi abin yana ci mini rai, domin da gangan aka tsara garin haka. Tun da gwamnatin Murtala ta zaɓi wurin a 1976, filayen suka koma hannun gwamnatin tarayya, minista ke rabawa. Wanda ke kusa da mulki ya samu fili, ya sayar wa mai kuɗi, farashi ya yi sama. An tashi Gwari daga gonakin kakanninsu. Rusau na zamanin El-Rufa'i ya kora dubban talakawa bayan gari, a 2006 kuma aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni.

Ga manyan gidaje a rufe, babu kowa ciki sai mai gadi. Mu kuma kuɗin mota na cinye albashinmu tun kafin wata ya raba.