Kwandon gawayi: sai a karo na uku na dace

Abin gashin da ke bayan gidana rabin duro ne, irin mai cin lita 200, da aka tsaga a tsaye aka kwantar a kan ƙafafun ƙarfe. Tsawonsa santimita 88, faɗin bakinsa kusan 57, zurfinsa a tsakiya 28. Da farko a cikinsa nake juye gawayi kai tsaye, yadda kowa ke yi. Wuta kan yi kyau na minti 20, daga nan sai ta fara lumshewa, a koma fifita da kwali, toka na tashi tana sauka a kan nama. Na daɗe ina zargin mai gawayi, ashe tokar ce take kwanciya a ƙarƙashin garwashi ta toshe masa iska. Duk wanda ya taɓa leƙa kurfoti ya san maganin: ƙasan kwanonsa a huje yake, toka na zuba ƙasa, iska na shigowa ta ƙofar gindi. Aikin kwandon gawayi ke nan, ya ɗaga gawayi daga ƙasan duro, ya tattara shi wuri guda, ya bar iska ta bi ta ƙarƙashinsa.

Na farkon da na yi da ragar shinge ne, mai launin toka-toka da ake kewaye kaji da ita. Na lanƙwasa ta da filaya, na ɗaure kusurwoyin da waya. Wutar farko ta fitar da wani farin hayaƙi, ragar ta yi farin gari a jiki, kafin a gama gashi gindinta ya lotsa. Wannan ragar shafe take da tutiya don kada ta yi tsatsa, ita kuwa tutiya tana narkewa tun daga digiri 420, zafin da garwashi ke wucewa nesa ba kusa ba. Hayaƙinta shi ne ke sa wa masu walda zazzaɓi da ciwon kai bayan wasu sa'o'i idan sun yi aiki a kan bututun ruwa. Ba abin da za a sa ƙarƙashin abinci ba ne. Haka ma ragar cikin tsohon firji da mutane ke son ɗauka saboda siffarta ta dace: ko dai an shafe ta da roba, ko da wani ƙarfe mai ƙyalli da ba ka san ko mene ne ba. Baƙin ƙarfe tsirara, wanda ke tsatsa idan ya ga ruwa, shi ake nema.

Na biyu na yi shi da ragar baƙin ƙarfe mai idanu kamar lu'ulu'u, irin wadda ake sa wa tagar shago da kejin janareto. An yi masa walda da kyau, ya kuma yi aiki wajen wata 3. Matsalarsa kauri. Ragar ba ta kai milimita 2 ba, kuma ita kaɗai ce ke ɗauke da gawayin. Ƙarfe idan ya kai digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, don haka kowace wuta sai gindin ya ƙara sauka kaɗan, har ya zama kamar ƙwarya ya taɓa ƙasan duro. Da ya taɓa, sararin iska ya tafi, na koma gidan jiya. Daga baya ma tsakiyar ta yi ɓawo ta ɓurme. Gefunan kuwa ko gezau. A nan na gane cewa gindi da gefe ba aiki ɗaya suke yi ba, bai kamata a yi su da abu ɗaya ba.

Kafin na uku sai na zauna da tef da kwali. Cikin duro a gantsare yake, don haka faɗin da kake da shi ya danganta da tsayin da ka ɗaga kwandon. A santimita 7 daga ƙasa, faɗin cikin duron nan kusan 37 ne. Na zaɓi faɗin 32, don ya rage ɗan sarari a kowane gefe kada garwashi ya jingina da bangon duro, wanda siriri ne kuma shi ke fara hujewa. Tsawo 40, zurfi 10. Na yanka kwali daidai wannan awo, na manne shi, na saka a duron na mayar da ragar gashi a kai. Daga bakin kwandon zuwa nama santimita 11 ya rage, wanda ya yi wa tsire da balangu daidai. Da na yi zurfin 15 kamar yadda na fara niyya, da nama zai ƙone a waje cikinsa ɗanye. Kwalin nan na minti 10 ya fi mini duk wani zane amfani, shi ma na kai wa mai walda.

Tsawon 40 ɗin da gangan ne. Bai kai rabin duron ba, saboda haka idan na tura kwandon gefe guda, ɗaya gefen ba wuta a ƙarƙashinsa. Nama siriri a kan wuta, kaza guda ko cinyar rago a can gefe da murfi a rufe, zafi na zagayawa yana dafa ta a hankali, kitse kuma ba ya ɗiga a garwashi balle harshen wuta ya tashi ya baƙanta ta. Wanda ya yi kwando tsawon duro ya rufe wa kansa wannan ƙofar, kuma kullum sai ya ƙona gawayi ninki biyu.

Kayan a kasuwar Panteka na haɗa su, a nan Kaduna. Angul, wato ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, mai inci 1, kaurin milimita 3, mita 3 da rabi ya isa firam na sama da na ƙasa da ginshiƙai 4. Rodi mai milimita 10, rabin tsawo, wato mita 6, aka yanka gunduwa 18. Sai guntun ragar nan mai idon lu'ulu'u don gefuna, da ɗan rodi mai milimita 8 na hannaye. Ba sai sabo ba. Ragowar aikin gini ma ya yi, in dai babu fenti ko mai a jiki. Idan akwai tsatsa a goge da burushin waya.

Rodin nan 18 su ne gindi. An jera su ta gajeren ɓangare, wato ta faɗin 32, don ƙarfe gajere ya fi jure nauyi. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da na fi ɓata lokaci a kai. Idan ta kai santimita 2, ƙananan gawayi da garwashin da ya fara cinyewa duk sai su zube ƙasa su ci a banza a cikin toka, su kuma gasa ƙasan duro. Idan ba ta kai santimita 1 ba, toka da ɓurɓushi su cushe ta cikin awa guda. Milimita 12 na tsaya a kai. Hanya mafi sauƙi ta samun tazara iri ɗaya ita ce a sa guntun rodi mai milimita 12 tsakanin kowane biyu lokacin ɗigon walda, a zare shi a matsa gaba. Gawayinmu na buhu ba girma ɗaya yake zuwa ba, rabinsa ƙanana ne, shi ya sa wannan awon ya fi muhimmanci a nan fiye da wurin masu amfani da curarren gawayi mai girma ɗaya.

Wurin walda ne muka ɗan ja da mai aikin. Na ce a kama kowane rodi a baki ɗaya kawai, ɗaya bakin a bar shi kwance a kan leɓen angul. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai sai a ce ban iya aiki ba." Na ce, "Malam, yi mini hakan, in ya lalace ni na saya." Dalili shi ne ƙarfe na miƙewa da zafi. Rodi mai santimita 32 idan ya yi ja yakan ƙaru da milimita 2 ko fiye, firam ɗin da ke gefe kuwa bai kai shi zafi ba, bai miƙe haka ba. Idan an ɗaure baki biyu, ba shi da wurin zuwa sai ya gantsare ko ya tsinka waldar. Don haka aka rage wa kowanne milimita 4 a tsawo, aka riƙa kama wannan ta dama, na kusa da shi ta hagu. Har yau a miƙe suke. Ragar gefe kuwa ɗigo-ɗigo aka yi mata daga ciki da siririyar sandar walda, geji 12, an rage wutar injin, don babbar wuta tana huda ta nan take.

Ƙafafu ban sa masa ba, saboda ƙafa 4 ba sa zama daidai a gantsararren wuri. Guntayen angul 2 aka gitta a cikin duron a tsayin santimita 7, kwandon na zaune a kansu, ana iya jan sa dama ko hagu. Wanda abin gashinsa mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ne, ƙafafu masu santimita 6 zuwa 8 sun wadatar, ko dai dogayen kusoshi masu noti, amma baƙaƙe, ba masu ƙyallin tutiya ba. Ƙasa da santimita 5 toka kan cika wurin kafin a gama dogon gashi.

Akwai kuskuren da na yi wanda ba na kwandon ba ne. Na ɗaga gawayi amma ban ba iska ƙofa ba, don duron ba shi da huji ko ɗaya a ƙasa. Wuta ta fi da, amma ba yadda na zata ba. Sai da aka huda ramuka 3 masu inci 1 a kowane kan duron, ƙasa da matakin kwandon, aka sa musu ɗan faranti mai juyawa, sannan garwashi ya fara ja ba fifita. Da farantin nake rage wuta ko ƙara ta. Wanda zai tsaga sabon duro kuma ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauki fetur ko sinadari ba a kusantarsa da abin yanka, ko da ya shekara a bushe.

Da aka gama kwandon nauyinsa ya kusa kilo 8, ya fi yadda na so, amma nauyin ne ke sa ya daɗe. Hannayen na sa an yi su a gajerun ɓangarorin, sun ɗan karkata ciki don kada su tokare ragar gashi. Ban yi masa fenti ba, babu fentin da zai zauna a jikin garwashi. Na cika shi da gawayi na bar shi ya ci awa guda ba nama, don man masana'anta da dattin walda su ƙone, na kuma ƙwanƙwashe ɓawon waldar tun kafin nan.

Cike yana ɗaukar gawayi kusan kilo 3, amma ba kasafai nake cika shi ba. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, garin gawayin ƙasan buhu kuma a tankaɗe shi a ware, don shi ne babban mai shaƙe wuta. Gawayin ƙirya, wanda maƙera ke so, da na marke sun fi nauyi da daɗewa. Mara nauyi mai yawan tartsatsi da sauri yake cinyewa ya bar toka jingim. Ba na kunna wuta da kananzir ko leda, warinsu na bin nama. Babban gwangwanin tumatir da aka cire wa gindi aka huhhuda gefensa nake tsayarwa a cikin kwandon, takarda a ƙasa, gawayi a sama, bayan minti 15 in ɗaga shi da filaya garwashin ya baje. Idan gashi zai yi tsawo, a gefe ɗaya kawai nake zuba garwashin, wuta ta riƙa cin sauran a hankali. Duk bayan minti 40 sai in ɗan bugi gefen kwandon da ƙarfe, toka ta sauka, wuta ta farfaɗo.

Wanda ba ya son zirga-zirgar wajen mai walda zai iya sayen na kanti, amma ya tafi da awon abin gashinsa a rubuce. Ya danna gindin da babban yatsa; in ya motsa a sanyi, a wuta lotsawa zai yi. Ya duba ko ramuka na ƙasa ne ko a gefe kawai aka yi su don ado. Na farin ƙarfe mara tsatsa yana da kyau idan mai kauri ne, sai dai ana sayar da mai shafen ƙyalli da sunansa. Maganaɗisu na ɗan taimakawa, don mafi ingancin irin wannan ƙarfen ba ya kama shi sosai.

Abin da ke kashe kwando da duro ba wuta ba ce kaɗai, har da tokar da aka bari ta sha ruwa. Jiƙaƙƙiyar toka na riƙe danshi a jikin ƙarfe, damina ɗaya ta isa ta huda ƙasan duro. Washegari nake kwashe ta idan ta huce sarai, a bokitin ƙarfe, don garwashi kan ɓuya a cikinta har kwana guda ko fiye. Ba na kwara wa kwandon ruwa yana da zafi, yana murɗe shi ya fasa walda. Rufe murfi da ramukan iska ya isa ya kashe wutar, ragowar gawayin ma a yi amfani da shi gobe. Kuma ko da sanyin hunturu ya kai ina, ba a ɗaukar kwandon da sauran garwashi a shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kuma kisa cikin barci. Nawa a rataye yake a ƙusa ƙarƙashin rumfa, na kan shafa masa ɗan man gyaɗa idan zai daɗe ba a taɓa shi ba. Rodi 2 na tsakiya sun fara sirancewa, su za a fara sauyawa, kuma da yake baki ɗaya aka kama su, cire su aikin minti 5 ne.