Dandalin unguwarmu

Jiya da marece mai unguwa ya tara mu kan maganar tsohon dandalinmu nan Tawa, inda samariya ke wasa zamanin Kunce. Wasu na son a gina shaguna, haya ta shigo. Ni ma da farko can na karkata, wallahi.

Sai wani dattijo makaɗi ya miƙe, kalangunsa rataye a kafaɗa, fatar duk ta tsattsage. Ya ce: "'Ya'yana, in kun toshe filin, yaran da za su koyi kokowa ina za su faɗi?"

Aka yi tsit. Mata kuwa ba a ma gayyace su ba, ga shi su ke waƙar gaɗa a wurin. An ɗage taron sai Asabar, a kira su. Zan je da inna.